Kundin Aiki: Rabon RAM Tsakanin InnoDB, MyISAM da Aria a Rumbun Bayananmu

Litinin, 15 ga Janairu, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta kowane canji da na yi wa saitin rumbun bayanan kamfaninmu, da dalilin yin sa, da abin da ya biyo baya, saboda wanda na gaji aikin daga hannunsa bai bar ko layi ɗaya na bayani ba, kuma na ɗanɗana kuɗar hakan. Kamfanin yana sayar da kayan masarufi ne a kan sari, yana da rassa biyar, kuma dukkansu suna shigar da cinikinsu ta wani shafin intanet da aka rubuta da PHP. Shafin da rumbun bayanan suna zaune a kan uwar garke guda a babban ofis, na'ura mai RAM gigabait 16 da faifai biyu masu juyawa, kowanne kwafin ɗan'uwansa ne.

Koken da ya jawo aikin shi ne, tun da muka tashi daga Ubuntu 20.04, wato nau'in Linux da ke tafiyar da uwar garken, muka koma 22.04 a watan Disamba, masu karɓar kuɗi suke cewa rasit yana daɗewa kafin ya fito, musamman daga hantsi zuwa azahar, lokacin da 'yan kasuwa suka fi yin layi. Babu wanda ya taɓa shirin PHP ɗin, kuma fayil ɗin saitin MariaDB, manhajar rumbun bayananmu wadda aka samo daga MySQL, shi ne dai tsohon, an kwafo shi yadda yake.

Yau ƙidaya kawai na yi. Teburan ciniki, da na bashi, da na kayan da ke sito duk InnoDB ne, ɗaya daga cikin injinan ajiya da MariaDB yake riƙe tebura da su, kuma girmansu haɗe da fihirisarsu (jerin da ke saurin kai mai nema ga layi) gigabait 10.5. Akwai tebura 14 na wani injin, MyISAM, bayanansu gigabait 7, fihirisarsu gigabait 1.3, kuma gigabait 5.5 daga cikin bayanan na tebur ɗaya ne, wato tarihin shige da ficen kaya tun daga ranar da aka kafa shafin. Sai tebur ɗaya na MEMORY, injin da a RAM kaɗai yake ajiya, da ke riƙe da zaman ma'aikatan da suka shiga shafin.

A fayil ɗin saiti na tarar an ba key_buffer_size, kason MyISAM, gigabait 4, an ba innodb_buffer_pool_size, kason InnoDB, gigabait 1, an kunna query cache, ma'ajiyar amsoshin tambayoyi, da megabait 512. Ware wa MyISAM rubu'in RAM tsohuwar shawara ce ta zamanin da shi ne injin ajiyar da MySQL yake zuwa da shi, kafin sigar 5.5 ta shekarar 2010 ta ɗora InnoDB a gurbinsa. Fayil ɗin dai an rubuta shi ne domin rumbun da ya daɗe da sauya kama.

Laraba, 17 ga Janairu, 2024

Kafin in taɓa komai sai da na zauna na rubuta wa kaina yadda kowane inji yake amfani da ƙwaƙwalwa, domin a kan wannan ne duk lissafin ya rataya. InnoDB yana da tafkinsa na shafuka, kowane shafi kilobait 16, kuma a cikin tafkin yake ajiye bayanai da fihirisa gaba ɗaya, don haka tafki mai gigabait 1 yana ɗaukar shafuka kusan 65,000. MyISAM kuwa fihirisa kaɗai yake ajiyewa a ma'ajiyarsa, wato abin da ke cikin fayilolin MYI. Bayanan da ke cikin fayilolin MYD ya bar wa Linux ne ya riƙe su a ma'ajiyarsa ta fayiloli, wadda ba ta da wani kaso nata na dindindin, sai dai ragowar RAM ɗin da babu wanda ya nema. Ke nan babbar buƙatar MyISAM ba ta da layi a fayil ɗin saiti ko kaɗan, kuma wanda fayil ɗin kaɗai yake kallo ba zai taɓa ganin ta ba.

Na kuma gano dalilin da ya sa matsalar ta fara a Disamba. Ubuntu 20.04 yana zuwa da MariaDB 10.3, shi kuwa 22.04 yana zuwa da 10.6, kuma a 10.6 ne aka mayar da ƙimar asali ta innodb_flush_method zuwa O_DIRECT. A tsohuwar sigar, duk shafin da InnoDB ya karanto daga faifai yana bi ta ma'ajiyar Linux, ya bar kwafinsa a can, saboda haka ƙaramin tafkinmu yana da wani babban tafki a bayansa da yake rufa masa asiri shekara da shekaru. Da O_DIRECT, InnoDB yana tsallake ma'ajiyar Linux ya karanta kai tsaye daga faifai. Sauyin daidai ne, tunda ajiye shafi ɗaya a wuri biyu asarar RAM ce, amma shi ne ya tona cewa gigabait 1 bai isa komai ba.

Akwai lambar da ta kusa ruɗa ni. SHOW ENGINE INNODB STATUS yana nuna cewa a cikin kowane nema 1000, ana samun 997 a tafki, abin da a ido yake kama da lafiya ƙalau. Sai na ɗauki Innodb_buffer_pool_read_requests da Innodb_buffer_pool_reads da ƙarfe 11, na sake ɗauka da ƙarfe 12, na raba bambancin da daƙiƙa 3,600. Nema yana kai 47,000 a daƙiƙa, kuma 140 daga ciki suna sauka a faifai. Faifai mai juyi 7,200 a minti ba ya iya wuce karatu kusan 100 a daƙiƙa idan wuraren a warwatse suke, saboda haka faifanmu biyu suna aiki ne kusa da iyakar ƙarfinsu, ga rubutu kuma yana jiran su. Daga yau karatun faifai a daƙiƙa shi ne ma'aunina, na ajiye lissafin kashi cikin dubu a gefe.

Juma'a, 19 ga Janairu, 2024

Na kashe query cache bayan an sauko daga masallaci, lokacin da ciniki ya lafa. Wannan ma'ajiya tana riƙe amsar tambaya ce ɗungurungum, kuma da zarar an rubuta ko da layi ɗaya a wani tebur, sai ta zubar da duk amsoshin da suka shafi teburin. A rumbun da ake shigar da ciniki kowace daƙiƙa, amsa ba ta daɗewa kafin a zubar da ita, kuma shiga da fitar duka suna bi ta kulle ɗaya ne, wanda kowace tambaya sai ta jira shi. A jerin ayyukan da ke gudana na sha ganin tambayoyi biyar ko shida a tsaye suna jiran wannan kulle. Oracle ya cire ma'ajiyar gaba ɗaya daga MySQL 8.0 a shekarar 2018, MariaDB kuwa ya bar ta amma a kashe take zuwa. Tsohon fayil ɗinmu ne ya kunna ta.

Na mayar da query_cache_type da query_cache_size sifili, a na'urar da ke gudana da kuma cikin fayil. Jiran kullen ya ɓace, amma masu karɓar kuɗi ba su ga wani bambanci ba, kuma ban yi tsammanin za su gani ba tunda faifai ne ke riƙe da su.

Asabar, 20 ga Janairu, 2024

Na ɗaga tafkin InnoDB zuwa gigabait 12, wato kashi 75 cikin 100 na RAM, bisa shawarar da kowa ya sani ta a ba shi tsakanin kashi 70 zuwa 80. Ba sai an sake kunna MariaDB ba, domin a sigar 10.6 ana iya canza girman tafkin yana cikin aiki, a gutsure-gutsure na megabait 128. Kafin la'asar karatun faifai ya sauko ƙasa da 10 a daƙiƙa, kuma manajan wani reshe ya kira ya ce rasit yana fita kafin a ɗaga hannu daga maɓalli.

Litinin, 22 ga Janairu, 2024

Kuskure na yi ranar Asabar, kuma abin kunyar shi ne da hannuna na rubuta dalilinsa a nan tun ranar Laraba. Shawarar kashi 80 an yi ta ne domin na'urar da babu komai a kanta sai rumbun bayanai, kuma rumbun da kusan duk teburansa InnoDB ne. Tamu ta saɓa sharuɗɗan biyu.

Ranar Asabar abin ya yi kyau ne saboda tafkin bai cika ba. InnoDB ya ɗebo shafukan da ake nema ne kawai, Linux kuma ba ya ba shiri ainihin RAM sai shirin ya taɓa wurin. Cikin dare sai mysqldump, shirin da ke kwafe rumbun, ya karanta kowane tebur daga farko har ƙarshe domin kwafin ajiya, kuma tunda akwai fili a tafkin, duk gigabait 10.5 suka shige suka zauna, har da cinikin shekarun da babu mai waiwayarsu. A ƙara da abin da InnoDB yake ci domin kula da shafukan, da gigabait 1.1 na fihirisar MyISAM, da ma'aikatan PHP 40, wato shirye-shiryen da ke amsa buƙatun shafin, waɗanda kowanne yake cin kusan megabait 60, da Linux kansa, sai ga shi an haura gigabait 15. Ma'ajiyar fayiloli, wadda a makon jiya take da fiye da gigabait 9, ta koma megabait ɗari uku da ɗoriya.

Da safiyar yau akanta ya nemi rahoton kayan sito na mako, wanda daga teburin tarihi ake haɗa shi. Rahoton da yake fita a minti 4 ya ɗauki minti 19, domin kowane layi na fayil ɗin MYD sai an je faifai an ɗauko shi. Bai tsaya a nan ba, tunda MyISAM tebur ɗungurungum yake kullewa, duk wani rubutu da ya nufi teburin ya tsaya a bayan rahoton, ma'aikatan PHP suka cika da jira, shafin ya daskare wa kowa. A vmstat kuma na ga Linux ya fara tura ƙwaƙwalwar shirye-shirye zuwa suwap, wato filin da yake ara a faifai idan RAM ya ƙare. Babu abin da ya fi wannan muni ga tafkin InnoDB, domin shafin da yake zaton yana hannunsa a RAM alhali yana faifai, kuma duk dabarunsa na zaɓen abin da zai riƙe sun tashi a banza.

Na rage tafkin zuwa gigabait 6 da ƙarfe 10 da rabi. Ragewa ta fi ƙarawa ɗaukar lokaci, saboda sai an kwashe shafuka daga gutsuren da za a saki, kuma na zauna ina kallon Innodb_buffer_pool_resize_status har ta kammala. Na kuma sauko da vm.swappiness daga 60 zuwa 10, domin Linux ya fi karkata ga sakin ma'ajiyar fayiloli a kan tura shirye-shirye suwap. Na ba akanta haƙuri, na gaya masa laifina ne.

Juma'a, 26 ga Janairu, 2024

Kwana huɗu ke nan ina neman girman abin da ake taɓawa a kullum, wanda shi ne ya kamata tafkin ya ɗauka, tunda girman tebura gaba ɗaya bai faɗi komai a kan hakan ba. A gigabait 6 karatun faifai na hantsi yana tsakanin 25 da 30 a daƙiƙa. Ranar Laraba na ƙara zuwa 7, ya sauko kusan 8. Jiya na gwada 8, ya tsaya a 6, amma rahoton sito ya ƙara minti ɗaya da rabi. Gigabait na takwas bai saya wa InnoDB wani abin kirki ba, kuma daga bakin MyISAM aka cire shi, don haka na koma 7, wato gutsure 56 na megabait 128.

Na juya kan key_buffer_size. Key_blocks_used yana nuna mafi yawan tubalan da aka taɓa cikawa a lokaci guda, kowane tubali kilobait 1, kuma bai taɓa wuce miliyan 1.1 ba. Ba zai yiwu ma ya wuce gigabait 1.3 ba, tunda iyakar fihirisar da ke akwai ke nan. Na rage shi daga gigabait 4 zuwa 1.5. Ya kamata in rubuta a nan cewa wannan ragi bai dawo mana da gigabait 2.5 ba kamar yadda na fara lissafawa, domin mafi yawan filin da ba a taɓa cikawa ba alkawari ne kawai Linux ya yi, bai taɓa miƙa shi ba. Amfanin ragin shi ne fayil ɗin ya daina ƙarya game da inda RAM yake tafiya. Canza girman wannan ma'ajiya yana zubar da abin da ke cikinta, saboda haka bayan an tashi aiki na yi shi, sannan na loda fihirisar manyan teburan da LOAD INDEX INTO CACHE.

Ga rabon yadda yake yanzu, daga gigabait 15.6 da na'urar ke nunawa a zahiri. InnoDB ya ɗauki 7 da kusan rabin gigabait na hidimarsa, fihirisar MyISAM 1.5, PHP 2.4, Linux da sauran ƙananan shirye-shirye 0.7, na ware rabin gigabait domin buƙatun haɗe-haɗen da PHP ke buɗewa zuwa rumbun, da rubu'i domin Aria, wani injin ajiya na MariaDB. Ragowar kusan 2.7 na bar ta da gangan, kuma na rubuta a saman fayil ɗin cewa wannan ragowa kason bayanan MyISAM ce, kada wani ya gan ta ya ɗauka fili ne da ba a amfani da shi.

Talata, 30 ga Janairu, 2024

Yau na bi ƙananan saitunan da ake ninkawa da yawan haɗe-haɗe. Na tarar da sort_buffer_size megabait 8, join_buffer_size megabait 8, max_connections kuma 500. Idan aka yi lissafin mafi munin hali, waɗannan biyun kaɗai suna iya neman gigabait 8, kuma tambaya ɗaya mai haɗa tebura da yawa ba tare da fihirisa ba tana iya ɗaukar join buffer fiye da ɗaya. A aikace ba mu taɓa kusantar haka ba, domin Max_used_connections bai wuce 46 ba, kuma ba zai wuce sosai ba matuƙar ma'aikatan PHP 40 ne. Na mayar da su ƙimarsu ta asali, megabait 2 da kilobait 256, na sa iyakar haɗi 100. Zan riƙa duba Sort_merge_passes; idan rahoto ɗaya ne yake buƙatar babban fili, a zamansa kaɗai za a ɗaga masa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne teburan wucin gadi. An sa tmp_table_size megabait 256, amma ba a taɓa max_heap_table_size ba, yana nan a megabait 16, kuma ƙaramin cikinsu ne yake aiki. Wato shekaru ke nan wannan 256 ɗin ado ne kawai. Na daidaita su a megabait 64. Yawan Created_tmp_disk_tables ya ragu, amma bai ragu yadda na so ba, kuma dalilin shi ne injin MEMORY ba ya ɗaukar ginshiƙi irin TEXT, don haka duk tambayar da ta jawo bayanin kaya cikin teburin wucin gadi faifai take nufa kai tsaye, komai ƙanƙantarta.

A nan ne Aria ya shigo lissafi, ko da yake ba mu da tebur ko ɗaya da muka ƙirƙira da shi. MariaDB da Aria yake gina teburan wucin gadi na faifai, kuma tun daga sigar 10.4 teburan tsarinsa ma Aria ne. Ba kamar MyISAM ba, Aria yana riƙe bayanai da fihirisa duka a ma'ajiyarsa, wadda aria_pagecache_buffer_size ke iyakancewa, a ƙimarta ta asali ta megabait 128. Teburin da ya samu wuri a cikinta yana iya gama aikinsa a goge shi ba tare da an koma faifai an karanto shi ba. Na rubuta 256 a fayil, sai dai wannan ba ya canzuwa sai an sake kunnawa, kuma sake kunnawa yana share teburin MEMORY, ya fitar da kowa daga shafin. Na bar shi sai daren Asabar.

Game da teburin zaman ma'aikata, MEMORY yana ba kowane layi tsayi ɗaya ne, saboda haka ginshiƙin VARCHAR mai haruffa 255 a utf8mb4 yana cin bait 1,020 ko da harafi goma aka rubuta a ciki. Akwai irinsa uku a teburin. Girman bai kai abin damuwa ba, amma na sanar da mai kula da shirin PHP.

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024

An ɗauke wuta tun yammacin jiya Lahadi, batiran inbata suka ƙare cikin dare, na'urar ta mutu ana tsakiyar aikin da ke kwashe motsin kayan yini zuwa teburin tarihi. Da aka tada janareta da safe, InnoDB ya bi kundinsa na redo, inda yake fara rubuta kowane canji, ya gyara kansa cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma babu cinikin da aka tabbatar da ya ɓace. Teburin tarihi kuwa ya tashi da alamar lalacewa. Na ɗaga myisam_sort_buffer_size zuwa gigabait 1 a zamana kaɗai kafin in ba da REPAIR TABLE, domin a sake gina fihirisar ta hanyar jerawa, wadda ta fi bi ta ma'ajiyar fihirisa sauri nesa ba kusa ba. Duk da haka sai da ya ci minti 38, teburin yana kulle.

Na koyi wani abu game da tafkin ma. MariaDB yana rubuta jerin shafukan da ke tafki a fayil ɗin ib_buffer_pool idan aka kashe shi cikin tsari, ya sake lodo su idan ya tashi, amma kashi 25 cikin 100 kawai yake rubutawa, kuma mutuwar farat ɗaya ba ta ba shi damar rubuta komai. Jerin da ya samu na daren Asabar ne, rubu'i kawai, saboda haka har kusan azahar faifai yana nishi. Na ɗaga innodb_buffer_pool_dump_pct zuwa 80, na kuma sa cron, mai tada ayyuka a kan lokaci, ya riƙa kunna innodb_buffer_pool_dump_now kowace awa. Fayil ɗin lambobin shafuka kaɗai yake ɗauka, ban da abin da ke cikinsu, don haka 'yan megabait ne.

A wurin da wuta ba ta da tabbas, wannan dalili kaɗai ya isa a raba muhimman tebura da MyISAM, ko da ba a yi maganar RAM ba. Na rubuta wa shugabannin sashe takarda a kan batiran, wanda ba aikin wannan kundi ba ne.

Asabar, 10 ga Fabrairu, 2024

Na lura rahoton farko na kowace safiya ya fi na biyu jinkiri ninki biyu, kuma na bi sawu har zuwa kwafin ajiya na dare. Tafkin InnoDB yana da kariya daga irin wannan karatu na shara, domin sabon shafi yana shiga ne a sashen tsofaffi, wanda shi ne kashi 37 cikin 100 na jerin, kuma ba ya haurawa sashen masu zafi sai an sake neman sa bayan daƙiƙa ɗaya ta wuce. Shafukan da mysqldump ya karanta sau ɗaya suna shiga su fita ta ƙofar baya, cinikin makon nan yana zaune a wurinsa. Bayanan MyISAM ba su da mai tsaron da ya san darajarsu haka. Aikin yana jan gigabait 7 na MYD ta cikin ma'ajiyar da ba ta kai 3 ba, sannan fayil ɗin da yake rubutawa shi ma ta cikinta yake bi, sai gari ya waye babu abin da akanta yake nema a ciki.

Na raba aikin biyu. Kowane dare za a kwafi teburan InnoDB da sababbin layukan teburin tarihi kaɗai, tunda ƙari ake yi masa, ba a gyara tsofaffin layuka, cikakken kwafinsa kuma sai daren Asabar. Fitowar tana bi ta gzip ta wuce ta ssh zuwa wata na'ura, ba ta sauka a faifan uwar garken. Na kuma rubuta wa kaina cewa zaɓin single-transaction na mysqldump teburan InnoDB kaɗai yake ba hoto na lokaci guda, saboda haka kwafinmu na baya duk suna iya samun saɓani tsakanin injinan biyu.

Litinin, 19 ga Fabrairu, 2024

A ƙarshen mako na mayar da tebura 13 daga MyISAM zuwa InnoDB, bayan na gwada kowanne a kan kwafi. Girmansu ya tashi daga gigabait 1.9 zuwa 2.9, abin da na yi tsammani, domin InnoDB yana ɗora wa kowane layi bayanan ma'amala, yana kuma maimaita babban mabuɗin tebur a cikin kowace fihirisa ta biyu. Abu ɗaya ya karye: shafin farko yana ƙirga layukan wani tebur da COUNT ba tare da sharaɗi ba, wanda MyISAM yake amsawa nan take saboda yana riƙe da adadin, InnoDB kuwa sai ya bi fihirisa ya ƙirga. An gyara shi a PHP.

Teburin neman kaya da suna shi ne na fi jin tsoro, domin saboda fihirisar FULLTEXT, ta neman kalma a cikin rubutu, aka bar shi a MyISAM tun farko, a lokacin da InnoDB bai iya ta ba. Sai ga riba da ban nema ba. MyISAM ba ya sa kalmar da ba ta kai harafi 4 ba a fihirisa, InnoDB kuwa daga 3 yake farawa, saboda haka mai sito da ya rubuta "mai" ko "man" ko "gas" yanzu yana samun amsa, bayan shekaru ana ce masa babu. Har yanzu "ja" ba ya fitowa, kuma wasu rassan "manja" suke rubutawa a haɗe, wasu "man ja" a rabe. Sauko da innodb_ft_min_token_size zuwa 2 yana buƙatar sake kunnawa da sake gina fihirisar, wadda za ta ƙara girma, don haka na fi son a daidaita rubutun sunan a teburin.

Tunda fihirisar MyISAM da ta rage megabait 900 ce, na sauko da key_buffer_size zuwa gigabait 1, na ɗaga tafkin InnoDB zuwa 8. Karatun faifai na hantsin yau 9 ne a daƙiƙa, rahoton sito ya fita a minti 3 da rabi, suwap bai motsa ba.

Saura teburin tarihi. A gwajin da na yi a kan kwafi ya kumbura ya kai gigabait 9 a InnoDB, kuma idan na shigar da shi haka, rahoton ƙarshen wata zai riƙa gogayya da cinikin yini a tafki ɗaya. Abin da nake gwadawa yanzu shi ne raba shi shekara-shekara, ta yadda rahoto zai taɓa ɓangaren da ya shafe shi kaɗai, sai dai hakan yana buƙatar ginshiƙin kwanan wata ya shiga cikin babban mabuɗin teburin, kuma sai na zauna da mai shirin PHP a kan wannan. Ba zan ƙara canza komai a na'urar ba sai bayan Alhamis 29 ga wata, ranar da rassa biyar za su rufe lissafi a lokaci guda, domin ina so in ɗauki ma'aunin wannan rana a kan saitin da ya kwana goma bai motsa ba.